Aminiyata ta kwashe lissafina har da kuskuren da ke ciki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni 'yar Achida ce, ina ajin ƙarshe a jami'a. Furojet ɗina a kan mitokondiriya ne, wato 'yan ƙananan injinan da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, su ke cin iskar oksijin su ba mu ƙarfi. Aikina in ƙiyasta nawa suke ci, in juya ma'auni daga na ƙwaya guda zuwa na mutum sukutum, kamar mai juya tiya ta koma buhu. Wata biyu ina wanga lissafi, har ciwon kai ya sa ni.

Ina da aminiya 'yar Goronyo, malaminmu guda, shekara huɗu kwano ɗaya muke ci, innarta ɗiyata take ce mani. Ta ari littafina wai za ta ga yadda ake jera ma'auni, na ba ta, mi zan ɓoye mata? Ashe kwafewa ta yi kaf, ta riga ni kai wa malam da sunanta. Da na kai nawa malam ya dube ni ya ce bai zaci haka daga gare ni ba. Ni ce ɓarauniya ke nan! Wallahi a gabanshi na yi kuka. Ya ce ran Alhamis in kawo hujja, in babu in maimaita shekara.

Hujja kam akwai. A littafin da ta ara na manta ban juya sakan zuwa minti ba, amsar ta yi ƙasa sau sittin, iskar da ba ta isar ko kaza. Na gyara daga baya, ita ko ta kwashe da kuskuren, ba ta ma san inda yake ba. In malam ya ce ta nuna shi, ta ƙare, kuma kora ce. Innarta albasa ta noma ta kawo ta nan.

Na so in yi shiru saboda Inna. To jiya sai ga saƙon aminiyar tawa, ba haƙuri ba komi, wai malam ya ce lissafinta bai hita ba, in taimaka in duba mata. Lissafinta hwa!

Gobe Alhamis. In kai littafin, ko in bar shi cikin jaka? Inna kuma da wane ido zan dube ta?