Yatsan Kawuna a Lasin Alhaji

Malam mai shawara, don Allah ka tare ni kafin in aikata abin da za a daɗe ana faɗa a Haɗejiya.

Doka ta ce akwatin rediyo ɗaya tak mutum zai kafa wa jama'a a waje. To wani Alhaji, dillalin busasshen kifi, uku gare shi: ƙofar gidansa, bakin kasuwa, da mashigin kwalekwale. In ana kiɗa a ƙure murya, in aka zo labarin zaɓe sai a murɗe, wai batir ya yi sanyi. Da la'asar shi zai zauna ya maimaita labarin yadda ya so.

Ni ɗan masunta ne, ban shiga boko ba, a tsofaffin jaridun ƙunshin barkono na koyi karatu, amma na koya. Ranar Laraba ya ce wai rediyo ta faɗa, duk wanda bai zaɓi mutuminsa ba za a hana shi su a kogi. Na ce ƙarya ne, ga jarida, a nuna mini. Malam, a gaban mutane ya sharara mini mari har hulata ta faɗi, ya ce yaushe ƙarnin kifi ya fara karatu. Shi da kifin nan ya kai Makka! Aka yi ta dariya.

Yanzu Gwamnati tana sake duba dokar, ran Asabar wani jami'i zai zo jin bakin mutane, ko a bar ta ko a sake. Ni kuwa na san asirinsa: lasin akwati biyu da sunan wasu ya karɓa. So nake in tashi in tona shi, a kwashe akwatunan yana kallo, a yi masa dariyar da aka yi mini. Sai dai ɗaya lasin, Kawu Mala ne ya dangwala yatsa, ƙanen babata, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma kwalekwalen da yake su da shi na Alhajin ne. Babata ta ce kul. Zuciyata ta ce tona. Wa zan bi?

Wanda Aka Mara, Haɗejiya

AMSA

Ɗana, an zalunce ka, ba zan ce ka shanye kamar ba a yi ba. Kuma ka yi gaskiya, in akwatunan gari duk suna hannu ɗaya, kunnen gari ma yana hannun nan.

Amma dubi ɗaya gefen. Alhaji da kuɗinsa ya saya, in aka kwashe garin zai yi shiru, kuma kai za a zaga. Shi zai ji kunyar mako guda ya wartsake. Wanda yatsansa ke kan takarda shi zai tsaya gaban alƙali, ya dawo ba kwalekwale. Kai za ka ɗebo da zafi, bakin Kawunka ne zai ƙone.

Kafin Asabar ka je ka durƙusa gaban Kawu, ka karanta masa abin da ya dangwala wa yatsa, don mai yiwuwa bai sani ba. Shi zai san yadda zai zare sunansa a hankali. A taron kuwa ka tashi ka yi magana ba tare da kama suna ba. Ka faɗi yadda ake murɗe akwati lokacin labarai, ka roƙi a bar dokar, a kuma kafa akwatin jama'a a kasuwa, a hannun dattawan da ba yaran kowa ba. Wanke rigarka, rage murya, kada ka zagi kowa.

Ranar da mutane suka naɗe tabarminsu daga ƙofar Alhaji suka koma inda ba a murɗewa, ka rama, kuma Kawu yana kan ruwa. Allah ya huci zuciyarka, ya ƙara maka karatu.