Zuman da Ba a Lasa

Salamu alaikum angona Habibu. Ya Legas, ya iyali? Mu nan Tsafe lafiya lau.

Ga kacici-kacici: an zuba ta kamar zuma, ba wuta ba rana, ta daskare da ƙafa huɗu. Mece ce?

Tun da babanka ya sayar da tsohuwar motarsa tuwo ya daina shigarsa. Yanzu ya sassaƙa 'yar ƙaramar irinta da itace, ya yi mazubi, yana tsiyaya ruwan roba a ciki. Na kai yatsa zan lasa, ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Wai me ke daskarar da shi? Ruwan ya ƙare, Gusau babu. Ka aiko, ko in sake miji.

Gaida kowa, a yi mana addu'a. Amsar, motar babanka ce, tsawon tafin hannuna.