Farin Fenti a Ƙarfen La Garza

'Yata Otilia,

Barka da sauka lafiya! Yaya jikin, yaya mijinki Nicanor? Da albishir ya iske ni a gonar rake nan Kosta Rika, yar da adda na yi na hau rawa. Abokin aikina Chepe ya ce, "Tsoho, rufa mana asiri, gwiwar nan ta aro ce!" Lafiyata lau, tarin ma da sauƙi, sai dai mai gona ba zai sake ni ba sai an gama sara.

Ga roƙona. Tafki ya ja baya yanzu, ƙarfen jirgin ruwan nan La Garza ya fito a kan duwatsu. Kina ƙarama jirgin shaƙatawar nan ya fashe a wurin. An tsamo masu shi da baƙinsu duka, yayanki Fermín da ke musu aiki ne ba a gani ba. Tun daga nan nake shafa wa ƙarfen farin fenti duk rani, don masu kwalekwale su kauce. Bana ba na nan. Ki ce wa Nicanor ya shafa kafin ku taho da jariri daga asibiti, domin ta nan kwalekwalenku zai bi.

In kun iso wurin, ku rage gudu. Ki ɗaga yaron sama, kawunsa ya gan shi.

Allah ya raya mana shi.

Babanki,
Celestino