Baba, Zakanyarka Ta Ƙetare

Assalamu alaikum Baba,

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma sai an karanta maka, balle yanzu. Amma abin ya tokare mini ƙirji, dole in sauke shi.

Ina ɗakin Inna ranar sunan jikanka, gida cike da mata, sai na ji kiɗan ƙwarya ya tsaya. Na leƙo na ga masunta biyu a bakin zaure, ɗaya riƙe da malfarka tana ɗigar ruwa. Inna ta zauna a ƙasa. Nan na gane.

Baba, me ya kai ka? Ana gobe suna ka ɗauki kwalekwale, wai zakanyarka Mai-Tabo ta haihu a tudun bayan tsohon garinmu, ruwan dam yana kewaye tudun, sai ka je ka gani. Ka gani ka yi me? Goya ta za ka yi? Ba kai ka sha gaya mana zakanya ta iya ruwa ba? Ka san kogin da ka girma a bakinsa ba shi ne wannan ba. Wannan ya haɗiye kuka da ɗorawa a tsaye, kuma kan ɗayarsu jirginka ya hau.

Ga labarin da na san shi kaɗai za ka tambaya. Fulanin da ke kiwo wajen Wara sun gan ta. Ta ƙetare lafiya da 'ya'yanta biyu, ta ɗauke su a baki ɗaya bayan ɗaya. Dabba ke nan, Baba. Ita ba ta bar nata ba.

Mu kuwa muna nan cikin gidajen simintin da gwamnati ta zuba mu, zafi kamar tanda. Inna tana takaba, ba ta cin abin kirki. Gonar da aka ba ka tsakuwa ce, ko shara ba a yi mata ba. Yaron sunanka aka sa masa.

Shekara nawa kana bin sawun zakunan nan, tun kana maharbi har masu gandun daji suka ɗauke ka? Ka san Gurguwa ce ta haifi Mai-Tabo da Guntuwa. Ka san Guntuwa ta rasa 'ya'yanta a bakin kuraye, ka ƙi cin tuwo kwana biyu. Ka san wane namiji ya kori wane. Kowane jaririnsu ka raɗa masa suna tun bai buɗe ido sosai ba. Ni fa? Ni ɗiyar fari ce, wai ana kunyata. Har na yi aure, har na haihu, ban taɓa jin sunana a bakinka ba. Na san al'ada ce. Na sani! Amma bakin da ke kiran Mai-Tabo sau goma kafin azahar, kunyar tasa a kaina kaɗai ta tsaya?

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Ina yarinya nakan laɓe bayan zana kana ba abokanka labarinsu, har na haddace gidan Gurguwa kaf, uwa da ɗiya da jika. Na yi ta jira ka tambaye ni, ko ka juyo ka dube ni. Makon jiya wani ma'aikacin daji ya zo da littafi, yana neman wanda ya riƙe sunayen, don babu inda aka rubuta su sai kanka. Na ce ban san komai ba. Ƙarya na yi, kuma da gangan.

Ranar da aka tsamo ka aka kawo, liman ya aiko a nema maka yafiya wurin iyalinka. Inna ta yafe, ƙannena suka yafe. Ni na duƙar da kai ina ba yaro nono, aka ɗauka kuka ne ya hana ni magana. Ba kuka ba ne.

Ina yi maka addu'a bayan kowace salla, Allah shaida. Ina tsoron a tsare ka a can saboda ni, tsoron har yana hana ni cin abinci. Jibi sadakar arba'in. Na gwada faɗin kalmar yafiyar ni kaɗai a bayan gida, harshena ya ƙi.

Allah ya sanyaya makwancinka, Baba. Ban yafe maka ba tukuna.

Ɗiyarka ta fari,
Hauwa'u