Geron Nawa, Addu'ar Ta Dada

Malam, don girman Allah ka agaje ni, ana kwashe mini lada da rana tsaka.

Ni ɗan kasuwa ne a Gashuwa, bandar kifi nake kaiwa Nguru. Ka san fara ta cinye geron bana. A da gwamnati kan aiko hatsi a jirgin ƙasa zuwa Nguru, raƙuma su ƙaraso da shi nan a auna wa mutane. Yau wata biyu ko ƙwaya ba ta zo ba, wai taragun suna jigilar soja. Mutanen ƙauye tun daga Jakusko har Yusufari sun cika gari, wasu ganyen tafasa kawai suke dafawa ba gishiri.

Ni kuwa ina da rumbu uku na geron bara, kuma na yi niyyar sadaka, Allah ne shaida. Sai dai na ji Joji, Baturen mulki, zai zo rangadi, na ce a dakata ya iso don abin ya yi tsari. Har na ɗinka riga, na yi magana da maroƙi. Aka ce sati mai zuwa, aka sake cewa mai zuwa.

Shekaranjiya na leƙa rumbuna, biyu wayam! Ashe yayata Dada, wadda ke gidana tun rasuwar mijinta, ita da Kellu matar liman, kullum sai sun ja dami ta ƙofar baya, suna dama kunu a ƙofar masallaci. Da na yi mata magana, ta ce cikin marayu bai san ranar zuwan Joji ba, in matsa ta wuce. Ni da gidana!

Abin da ya fi ƙona mini rai, ranar Juma'a liman ya yi wa Dada addu'a da sunanta, jama'a suka shafa. Ina sahun gaba cikin sabuwar rigar, ba wanda ya waiwayo. Malam, gero nawa, itace nawa, har tukunyar tawa ce. Ladan na wa ne? In kai ta gaban alƙali a maido mini, ko in liƙe rumbu na uku da laka?

Naka,
Mai Niyya, Gashuwa

Mai Niyya, kana da gaskiya a wuri ɗaya: Dada ta taɓa kayanka ba izini, ya kamata ta tambaye ka. Sai dai ina jin ta san amsar da za ka ba ta.

Kada ka je wurin alƙali. Ba shi ke rabon lada ba, kuma zai tambaye ka abin da ya hana ka buɗe rumbu wata biyu, magatakarda na rubutawa. Mai rabon ladan ya san mai gero ba sai da maroƙi ba. Ya kuma san wanda aka yi niyyar dominsa.

Ga abin yi. Gobe da safe ka buɗe na ukun da hannunka. Ka ware iri saboda shuka, sauran ka damƙa wa Dada, tunda ta fi ka sanin gidajen da ba a hura wuta. Ka ce mata ka yafe na baya, ka faɗa da zuciya ɗaya. Ka ɗora wa jakunanka dami a kai wa tsofaffin da suka kasa takowa gari. Maroƙin kuwa a ba shi ludayi, ya yi rabo.

Allah ya sauko da damina lafiya, ya ba ka ladan abin da ba wanda ya gani.