Tankoki Shida da Amalanken Jinadasa

Litinin, 20 ga Yuni
Matatar mai ta sake kashe wuta. Tankokina shida na dakon mai na jere a fili, hankaki na yi musu kashi. Ƙasa ta gina matata, amma ko ɗigon ɗanyen mai ba ta da shi, sai an yo mata jigila daga Larabawa. Madafa tamu, hatsi a gidan wani. Masu digirin da suka tsara wannan, ni da na tsaya a aji huɗu ba zan ba su ko gadi ba.

Laraba, 22 ga Yuni
Kusuma, matata, ta tuna mini sadakar wata uku da rasuwar Inna ranar Talata. Kamar zan manta. Malamai biyar za a ɗauko daga haikalin ƙauyenmu, su ci a gidana kafin rana ta take. In ta take ba za su taɓa ko loma ba, lada kuma ba zai kai ga Inna ba. Na ce da motata zan ɗauko su.

Juma'a, 24 ga Yuni
Jirgin ɗanyen mai na tsaye a teku, ana hango shi daga gaɓar Colombo. Ba dala, ba saukewa. Mutane har da yara suke zuwa kallo, ana cin gyaɗa. Sakarkaru. Hanya ce ta bi da ni ta wajen.

Asabar, 25 ga Yuni
Yaya Jinadasa ya zo da amalankensa, duk warin kwakwa. Da amalanke Baba ya yi tallan kananzir. Ni na tsere, shi ya zauna bayan wutsiyar sa har furfura. Ya zagaya tankokin yana ƙwanƙwasawa. "Ƙanena, naka shanun abincin waje suke ci, ko? Nawa dai ciyawar gida." Wai shi zai kawo malaman. Na ce ba dai ƙofar gidana ba.

Litinin, 27 ga Yuni
Ni Wimalasiri, da nake kai wa rabin lardin nan mai, na yini a layin gidan mai tsakanin 'yan keke-napep. Manajan da yake miƙewa in na shigo cewa ya yi ko na goge hannu babu. Na sayi kwalba uku a bayan fage. Rabi ruwa ne, mota ta mutu a bakin gada. Kusuma, tana hura itace, ta ce ta aika wa Yaya. Na ce ban ji ba.

Talata, 28 ga Yuni
Inuwa ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafa na ji ƙararrawar shanu. Maƙwabta sun fito da wayoyi. Babban malamin ya sauko yana dariya, wai rabonsa da irin wannan tun Baba ne ke riƙe da igiya. Sun ci a kan lokaci. Da aka zo al'adar tsiyaya ruwa don lada ya kai ga Inna, buta ɗaya muka riƙe, hannuna bisa na Yaya. Kaushi kamar na Baba. 

Lahadi, 3 ga Yuli
Jirgi na nan, matatar mai a kashe. Ciyawa ta fito ƙarƙashin tankoki. Na hana a yanke. Na aika wa Jinadasa ya riƙa kawo shanun. Don ta yi yawa ne kawai.