Ƙwayar da Kamilu Ya Shanye

Daga Fatakwal, zuwa ga ɗana Kamilu, Janbako.

Bayan gaisuwa, ya jikin matarka Zahra'u da jaririya? Da na ji labari, har rawa na taka a ƙofar da nake gadi. Ina lafiya, gwiwa ce kawai ke tsami.

Amma ka ba ni takaici. Wai ƙwayar tazarar haihuwa da aka ba ta a asibiti, kai ka riƙa sha don tana sa ta jiri! Ko ni ɗan ajin yamma na yaƙi da jahilci na san ƙwan mace take hana fita. Haihuwa uku a shekara uku, duk Zahra'u ta lalace. Ka mayar da ita asibiti. In allura ta zaɓa, kada ka miƙa naka hannun.

Allah ya raya mana.

Mahaifinka, Abdulmumini.